Labarin Te Rangi Hiroa, Likitan Da Ya Rubuta Tarihin Mutanensa

Wannan labarin wani mutum ne da a ke kira Te Rangi Hiroa, wanda Turawa su ke kira Peter Buck. An haife shi a ƙasar Niyu Zilan wajen shekara ta 1877, ya rasu a tsibiran Hawayi cikin 1951. A tsakanin nan ya yi likita, ya yi wakilci a Majalisar Dokoki, ya yi soja, kana ya ƙare yana shehun malami mai binciken al'adun mutanen tsibiran teku. Wanda ya hangi sana'o'in nan huɗu daga nesa sai ya ce mutumin ba ya zama wuri ɗaya. Amma wanda ya bi labarin daki-daki zai ga aiki guda ya yi tun farko har ƙarshe, watau neman abin da zai hana al'ummarsa ƙarewa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ƙasar tukuna. Niyu Zilan manyan tsibirai biyu ne da waɗansu ƙanana a cikin Tekun Fasifik, kudu maso gabas da Ostareliya, tsakaninsu tafiyar mil 1,200 ko fiye bisa ruwa. Mutanen da suka fara zama cikinta su a ke kira Maori. Kada a rikita su da Arawan Dogon Dutsi waɗanda wasu ke kira Mauri, suna ne kawai ya yi kama. Kakannin Maori sun zo ne cikin manyan jiragen ruwa na itace daga tsibiran arewa maso gabas, yau shekara 700 da wani abu. Kowace kabila tana riƙe da sunan jirgin da ya kawo kakanninta, tana kuma riƙe da salsalarta, uba bayan uba, a haddace, ana karanta ta a gaban taro. Wanda bai san salsalarsa ba, ba shi da bakin magana a dandali.

Sa'ad da Kyaftin Cook na Ingila ya iso gaɓarsu a 1769, an kiyasta yawansu ya kai wajen 100,000. A 1840 sarakunansu suka ƙulla alkawari da wakilin Sarauniyar Ingila a wani wuri da a ke kira Waitangi, bisa sharaɗin ƙasarsu da dazuzzukansu da wuraren sunsu suna nan a hannunsu muddin suna so. Ba a daɗe ba alkawarin ya warware. Baƙi suka yi ta kwararowa, aka yi yaƙe-yaƙe daga 1860, gwamnati ta ƙwace filaye masu yawa a lardin Taranaki da na Waikato, abin da ba a ƙwace ba kuma aka saye shi ta hanyar kotu. Ƙasar duka eka miliyan 66 ce, kafin ƙarnin ya ƙare abin da ya rage wa Maori bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Tare da baƙin kuma cututtuka suka shigo waɗanda jikinsu bai saba da su ba, tarin fuka da ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓin hanji. Da aka yi ƙidaya a 1896 sai aka same su wajen 42,000 kaɗai. Masu ilmi da yawa cikin Turawa suka yanke hukunci a littattafansu cewa kabila ce mai ƙarewa, har wasu suka shiga gaggawar kwashe kayansu, har da ƙasusuwan matattunsu, zuwa gidajen ajiye kayan tarihi na Turai kafin masu abin su shuɗe. To, a cikin wannan zamani yaron ya tashi.

An haife shi a Urenui, wani ƙaramin gari a bakin teku cikin lardin Taranaki. Ubansa William Buck mutumin Ailan ne, matarsa kuwa Ngarongo, 'yar kabilar Ngati Mutunga. Da suka daɗe ba su sami haihuwa ba, sai aka bi al'adar ƙasar, aka kawo wata 'yar'uwarta mai suna Rina cikin gidan, ita ta haifi yaron. Rina ba ta daɗe ba ta rasu, Ngarongo ta rene shi, ya girma yana ɗaukarta ita ce mahaifiyarsa. A wurinta ya fara jin harshen Maori. Akwai kuma wata tsohuwa cikin dangi, Kapuakore, wadda ya ke kira kaka, ita ta riƙa zaunar da shi tana ba shi labarun mutanen da da sunayen kakanni. Da ya tasa sai dattawan kabilar suka ba shi sunan wani babban mutum cikin magabatansu, watau Te Rangi Hiroa. Sunaye biyun nan ya riƙe su duka har mutuwarsa, bai taɓa musun jinin ubansa ba, bai kuma taɓa musun jinin uwarsa ba.

Bayan rasuwar Ngarongo ya bi ubansa suka tafi ƙodago a wata babbar gonar kiwon tumaki. Daga can ya sami shiga makarantar Te Aute a 1896, shekarar da aka yi ƙidayar nan mai ban tsoro. Makaranta ce ta 'ya'yan Maori, shugabanta wani Bature mai suna John Thornton, wanda ya nace sai ya koya wa yaran irin karatun da zai kai su jami'a, ko da ya ke hukuma ta fi son a tsai da su ga noma da sassaƙa. Daga makarantar nan samarin da suka ɗauki nauyin al'umma suka fito. Babbansu Apirana Ngata, wanda shi ne ɗan Maori na farko da ya sami digirin jami'a. Akwai kuma Maui Pomare, ɗan Taranaki, wanda ya je Amurka ya karanto likita. Samarin suka kafa ƙungiya, suna zaga ƙauyuka lokacin hutu suna yi wa mutane magana a kan tsabta da ruwan sha da renon jarirai.

Te Rangi Hiroa ya fita Te Aute shi ne na ɗaya. A 1899 ya shiga makarantar likita ta Jami'ar Otago a birnin Dunidin, ya gama a 1904, ya zama ɗan Maori na farko da ya karanta likita a cikin ƙasar ya gama. Ba karatu kaɗai ya iya ba, don sau biyu yana cinye gasar dogon tsalle ta ƙasa duka. A 1905 ya auri Margaret Wilson, ita ma haifaffiyar Ailan ce, suka zauna tare har mutuwa ta raba, ba su sami haihuwa ba. A ƙarshen shekarar aka naɗa shi likitan Maori ƙarƙashin Pomare, aka fara ba shi kudancin tsibirin arewa, daga baya aka mai da shi yankin arewa.

A nan ya gamu da abin da ba a koya masa a makaranta ba. Ya tarar da ƙauyuka da yawa an tura su cikin fadama bayan an karɓe tuddansu, ɗakuna ba taga, rijiya kusa da juji, masai babu. In an yi mutuwa sai dangi su taru daga nesa su kwana da kwanaki tare da gawa, in cutar mai yaɗuwa ce kowa ya koma gida da ita. Magani a bayyane ya ke, amma faɗinsa da wuya. Mutanen da gwamnati ta ƙwace wa gona ba su da dalilin gaskata ma'aikacin gwamnati in ya zo ya ce su rushe ɗaki ko su rufe rijiya. Ya kuma gane harshensa na Maori bai kai na tsayawa gaban dattawa ba. Sai ya koma ɗalibi, ya zauna gaban tsofaffi ya koyi azancin dandali, da karin magana, da salsalar kowace kabila. In ya isa gari ba ya fara da maganar cuta. Ya kan tsaya a dandali ya gai da matattun garin da rayayyunsu bisa al'ada, ya ambaci inda salsalarsa ta gamu da tasu, sa'an nan ya kawo maganar rijiya. Ya riƙa tuna musu cewa kakanninsu a kan tudu su ke gina gari, suna kuma keɓe wurin bayan gida nesa da wurin abinci, saboda haka tsabtar da ya ke kira gare ta tasu ce tun asali.

Abin da ya taimaki aikin shi ne wata doka ta 1900 wadda ta kafa majalisun Maori a yankuna, masu ikon yin ƙa'idodin tsabta na ƙauyukansu. 'Yan duba-gari da aka naɗa kuwa da yawansu manyan mutane ne cikin kabilunsu, masu faɗa a ji. Aka rushe tsofaffin ɗakuna, aka gina sababbi, aka haƙa masai, aka fara koya wa 'yan matan Maori aikin jinya. Yawan jama'a, wanda ya riga ya fara ɗagowa kaɗan, ya ci gaba da hauhawa. Darasin da likitan ya ɗauka shi ne, magani ko ya kai ina kyau ba ya shiga gida sai ta ƙofar da masu gidan suka sani.

Akwai wata matsala da ta fi ta rijiya wuya, ita ce ta masu maganin gargajiya, waɗanda Maori ke kira tohunga. A zamanin da tohunga shi ne masanin kabila, mai riƙe da salsala da ilmin taurari da sassaƙa da warkarwa, sai ya yi shekaru yana koyo kafin a ba shi sunan. Da zamani ya rikice sai 'yan damfara suka shiga rigar, har akan tsoma mai zazzaɓi cikin ruwan sanyi ya mutu. A 1907 Majalisa ta yi dokar hana aikin tohunga, da goyon bayan shugabannin Maori masu ilmin zamani, Pomare yana cikinsu. Dokar ta yi jam'i, ba ta rarrabe masani da maƙaryaci sosai ba, har masu ilmin gaske da yawa suka ɓoye abin da suka sani. Ba a soke ta ba sai 1962, kuma har yanzu jikokinsu suna ambatonta da ɓacin rai. Te Rangi Hiroa ma'aikacin lafiya ne a zamanin dokar, yana kuma cikin masu yaƙi da 'yan damfara, amma bai yarda a jefar da ilmin tare da su ba. Ya zauna ya tattara abin da mutanensa suka sani game da cuta da magani, na da da na yanzu, ya rubuta kundi a kai, ya miƙa wa jami'arsa, aka ba shi babban digirin likita da shi a 1910. A ciki ya bayyana cewa Maori na da sun ɗauki yawancin ciwon cikin jiki aikin iskoki ne ko sakamakon keta wani haram na al'ada, saboda haka likitan da bai san wannan ba, ba zai gane abin da ke tsorata majinyacinsa ba. Mutanen da a da su a ke aunawa a rubuta, ga ɗansu ya shiga jami'a yana rubuta su da kansa.

Shigarsa Majalisa ta zo ta hanyar da ba a zata ba. A 1909 wakilin Maori na arewa, Hone Heke Ngapua, ya rasu a babban birni, mutanen kudu suka rako gawarsa har gida, likitan yana cikin 'yan rakiya. Mahaifiyar mamacin ta ga an yi musu abin da ya wajaba su rama, sai ta ba da kujerar ɗanta ga mutanen kudu, kamar yadda a kan ba da matar mamaci ga wanda ya cancanta. Aka tsai da Te Rangi Hiroa, aka zaɓe shi, ko da ya ke shi ba ɗan yankin ba ne. Ya zauna a Majalisa har 1914, ya kuma taɓa zama cikin majalisar zartarwa na 'yan watanni a 1912. A 1913 agana ta ɓarke a arewa, wani baƙo ya shigo da ita ta jirgin ruwa. Wakilin ya koma aikinsa na likita, ya shiga ƙauyuka yana yi wa mutane lamba yana keɓe masu ciwo. Mutum 55 suka mutu cikin annobar, dukansu Maori. Lokacin hutun Majalisa kuma ya je tsibirin Rarotonga da na Niue ya riƙe musu aikin likita, a can ya fara ganin mutanen da harshensu da al'adunsu suka yi kama da na gida, tambayar asalinsu ta shiga ransa.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, ya bi rundunar Maori ta farko a 1915 yana likitanta. Suka sauka Masar, daga nan aka kai su Galifoli, inda sojojin Ingila da mataimakansu suka gwabza da na Daular Usmaniyya suka kasa cin wurin. Bayan haka aka kai su Faransa da Beljiyam, ya zama mataimakin kwamandan bataliya da muƙamin manjo, aka ba shi lambar yabo ta jarumtaka. Kafin ya komo gida marisuwa ta 1918, wadda ta ratsa duniya har ƙasar Hausa, ta faɗa wa Niyu Zilan. Ta kashe wajen mutum 9,000, cikinsu wajen 2,500 Maori ne. In an auna da yawan kowane ɓangare, mutuwar Maori ta ninka ta Turawa wajen sau takwas. Cuta ɗaya ce, ƙasa ɗaya, bambancin yana wajen gida da abinci da nisan asibiti.

Da ya komo aka naɗa shi shugaban sashen kiwon lafiyar Maori a 1921. A shekarun nan ra'ayinsa ya nuna. Ya ga allura da tsabta suna tsai da mutuwa, amma ba su isa su tayar da mutanen da suka fid da rai ga kansu ba. Wanda aka raba da gonarsa, aka hana ɗansa yin harshensa a makaranta, aka kuma gaya masa duk abin da kakansa ya yi wauta ne, ko an ba shi magani zai koma ya kwanta. Shi da Ngata suka daidaita bisa cewa lafiyar jama'a tana tafe da abu biyu, aikin yi a kan ƙasarsu, da sanin darajar abin da suka gada. Ngata ya ɗauki na farko, ya yi ta fama har gwamnati ta ba da rance don raya gonakin Maori daga 1929, ya kuma farfaɗo da sassaƙa da gina ɗakunan taro. Te Rangi Hiroa ya ɗauki na biyu.

Hanyarsa ta bincike ta bambanta da ta yawancin masu binciken zamaninsa. Su sukan tambaya ta bakin tafinta, su sayi kaya su tafi. Shi kuwa sai ya zauna ƙasa tare da tsofaffin mata masu saƙa, ya karɓi zaren wata ciyawa mai dogon ganye kamar kaba, ya koyi saƙar da hannunsa, ya kwance ya sake, har ya iya. Haka ya yi da taru da birgi da igiya da tabarma da ɗaurin jirgi. In ya iya sai ya zana kowane ƙulli da kowane juyi a takarda, bi da bi, yadda wanda bai taɓa gani ba zai iya bi ya yi. Dalilinsa shi ne, labari yana sauyawa a baki, amma yadda hannu ke ƙulla zare ya kan daɗe bai sauya ba, saboda haka in an sami ƙulli iri ɗaya a tsibirai biyu masu nisa, to, akwai zumunci tsakanin mutanensu. A 1926 ya fitar da littafi a kan yadda tufafin Maori suka samu suka kuma sauya.

A 1927, yana da wajen shekara 50, ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa ya tafi Honolulu ta Hawayi, ya shiga gidan ajiye kayan tarihi na Bishop yana mai bincike. Wannan gida an kafa shi a 1889 don tunawa da wata gimbiya ta gidan sarautar Hawayi. Daga nan ya riƙa bin jiragen ruwa tsibiri tsibiri, matarsa tana tare da shi a tafiye-tafiye da yawa. Ya rubuta littafi a kan Aitutaki, da Samowa a 1930, da Tongareva da Manihiki da Rakahanga a 1932, da Mangaia a 1934, da Mangareva a 1938. Ko'ina ya sauka harshensa na Maori ya kan buɗe masa ƙofa, don harsunan tsibiran nan 'yan uwa ɗaya ne, masu gida kuma suka karɓe shi kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Daga 1932 zuwa 1934 ya koyar a Jami'ar Yel ta Amurka, ya kuma zaga gidajen ajiya na Turai yana duba kayan mutanensa da aka kwashe. A 1936 aka naɗa shi shugaban gidan Bishop, ya riƙe har rasuwarsa.

Littafinsa da ya fi shahara ya fito a 1938, a kan matuƙan jiragen da suka nufi mafitar rana. A ciki ya nuna cewa kakannin mutanen tsibiran nan sun ratsa teku mafi girma a duniya da gangan, suna bin taurari da iska da igiyar ruwa da tashin tsuntsaye, ɗauke da matansu da irin shukarsu da dabbobinsu, tun Turawa ba su yi nisa da gaɓa ba. Har dankali, wanda asalinsa Amurka ta Kudu ne, ya ce su suka je suka ɗauko shi. Bayan mutuwarsa waɗansu suka musa, suka ce iska ce kawai ta riƙa kwasar masunta tana jefa su tsibirai. Aka yi ta gardama har 1976, sa'ad da aka tuƙa wani jirgi da mutanen Hawayi suka gina irin na kakanninsu, mai suna Hokulea, daga Hawayi har Tahiti, tafiyar wajen mil 2,500, ba taswira ba na'ura. Gani ya kori ji.

Duk da girman da ya samu, Amurka ta hana shi zama ɗan ƙasa, don dokarta ta lokacin ba ta lissafa mutanen tsibiran nan cikin waɗanda a ke ba wannan haƙƙi ba. Majalisar Hawayi ta roƙa masa, ba a yi ba. Sai ya zauna yana talakan Sarkin Ingila, ta haka kuma ya sami sarautar Sir a 1946. Nisan gida bai raba shi da Ngata ba, sun yi shekara 25 suna musayar wasiƙu a kan halin da mutanensu ke ciki, an kuwa buga wasiƙun daga baya cikin juzu'i uku. A 1949 ya fitar da babban littafinsa a kan zuwan Maori da zamansu, ya kuma ziyarci gida ziyarar ƙarshe, ciwon daji ya riga ya kama shi. Ya bi dandali dandali yana sallama da kabilu. Ngata ya rasu a 1950. Shi kuma wa'adinsa ya cika a Honolulu ran 1 ga Disamba, 1951. Aka ƙone gawarsa, aka komo da tokar gida, aka binne ta a 1954 a Okoki kusa da Urenui, aka gina masa alama mai siffar goshin jirgin ruwa.

Adalci ya wajabta a faɗi inda ya yi kuskure, don malami ba ya fin zamaninsa ta kowace fuska. Ya yarda da awon kawuna da gaɓoɓi don rarrabe jinsin mutane, har ya auna sojojin Maori a kan hanyarsu ta komowa daga yaƙi, ya kuma ɗauka mutanen tsibiran suna da dangantaka ta jini da Turawa. Wannan ilmi an watsar da shi. Ya ce kakanninsu sun biyo ta ƙananan tsibiran arewa ne, alhali kuwa tukwanen da aka tono daga baya, da binciken harsuna da na jini, sun nuna asalinsu daga wajen Taiwan ne, suka biyo ta tsibiran da ke kusa da Niyu Gini. Ya karɓi labarin cewa jiragen kakannin Maori sun iso a ayari guda wajen 1350, daga baya aka gane wani Bature ne ya harhaɗa riwayoyin kabilu dabam dabam ya mai da su ɗaya. Ya kuma zaci Maori da Turawa za su narke su zama al'umma guda, amma jikokinsa suka zaɓi su riƙe sunansu da harshensu.

Abin da ya tabbata daga aikinsa ya fi abin da ya rushe. Masaƙa da masu sassaƙa a tsibirai da dama sun koma ga zane-zanensa sun maido da sana'o'in da suka kusa ɓacewa. A 1982 Maori suka fara buɗe makarantun yara ƙanana inda tsofaffi ke renon jikoki da harshensu, a 1987 kuma doka ta mai da harshen Maori harshen hukuma. A cikin shekarun nan wani likitan Maori, Mason Durie, ya kwatanta lafiya da ɗaki mai bango huɗu, jiki da tunani da ruhi da dangi, in ɗaya ya faɗi ɗakin ba ya tsayuwa, ma'aikatar lafiya ta ƙasar kuma ta karɓi wannan misali. Jami'o'insu suka kafa ƙa'ida cewa mai bincike a kan wata al'umma sai ya nemi yardarta, ya yi aikin tare da 'ya'yanta, ya kuma komo mata da amfanin abin da ya samu. An dawo da ƙasusuwan kakanni da yawa daga gidajen ajiya na Turai da Amurka aka mai da su ga danginsu. Kabilar da aka ƙidaya 42,000 a 1896, a ƙidayar 2023 masu jininta sun kusa miliyan ɗaya. Aikin dai bai ƙare ba, don lissafin hukuma na 2017 zuwa 2019 ya nuna ɗan Maori yana kasa sauran 'yan ƙasar tsawon rai da wajen shekara 7.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Te Rangi Hiroa mai ɗaki ne da ya fita ya koyo aikin magina na waje, ya komo ya hau rufin da kansa. Bai raina ilmin baƙi ba, da shi ya yi wa mutanensa lamba ya rufe musu rijiyoyin cuta. Bai kuma raina ilmin kakarsa ba, da shi ya sami shiga gidajen da a ke rufe wa ma'aikacin gwamnati ƙofa. Wannan shi ne labarinsa a taƙaice. Tamat.